Girar Baba ta Hagu

Ni ba ɗan kwana-kwana ba ne, kada a ba ni girman da ba nawa ba. Direban tankar ruwa ne ni, wadda a Riyad ake ce wa wayit. Idan zafi ya kai zafi, busasshiyar ciyawa da gonakin dabino na bayan gari suka kama da wuta, mu ne muke bin motocin kashe gobara da ruwa. Su ake ɗauka hoto, mu muna can baya muna shan hayaƙi.

A shekarata ta farko ba abin da nake tsoro kamar barci. A gabana aka sallami wani direba don an kira shi yana ta sharar barci, aka ƙi sabunta masa ikama, wato takardar izinin zama. Tun daga ranar na ɗaura yaƙi da idona. Ko a ɗakinmu na unguwar Gubaira da takalmi nake kwanciya, waya a ƙirji, mota ta yi ham in zabura. A wurin aiki kuwa sai in ƙame a kujerar tanka tun safe, ina ta ɗirkar gahawa. 'Yan kwana-kwana kullum da safe sai sun yi gudu a fili. Mu ba wanda ya ce mu motsa, ni kuwa ban motsa ba, har tumbi ya fara gaisawa da sitiyari.

A wurin aikin akwai wani dattijo mutumin Maraɗi mai wanke mesar ruwa yana naɗewa, kowa Baba yake ce masa. Bayan azahar yakan yi ta zagaya filin da ƙafa ta inuwar katanga, carbi a hannu.

"Ɗana, kawo wayar nan in riƙe maka, je ka kwanta," in ji shi wata rana. "Ni ai yawo nake. In an kira zan tashe ka."

"Baba, ku bar ni, idona biyu."

"Biyu ne, amma duk sun yi ja."

Na ji haushi. A raina na ce tsohon nan ya cika shisshigi.

Wata rana da la'asar wata gonar dabino ta kama da wuta a cikin kwari. Na kai ruwan farko lafiya, aka ce in koma in ciko. A wurin ɗiban ruwa na jona mesa, na zauna a matakalar mota na jingina da ƙofa. Wallahi ban ji zuwan barcin ba.

Ruwa ne ya tashe ni, tanka ta cika tana ambaliya a kaina. Waya tana ta kuka. Na ɗauka, na ji mudir, shugabanmu, yana ihu: "Wen moya? Yalla!" Ina ruwa, ke nan. Na ja motar ina salati, ina hango baƙin hayaƙi yana ƙara tashi. Ban san mutum nawa ke cikin gonar suna jirana ba.

Kafin in isa iska ta juya, ruwan motocin ya ƙare, mutane sun ja da baya. Baba ne ya koma janyo mesar da wuta ke shirin cinyewa, harshenta ya lashe shi a fuska. Na same shi zaune a ƙasa da jiƙaƙƙen tawul a ido.

Mudir ya taso mini yana tambayar inda na tsaya. Sai Baba ya ce masa da guntun Larabcinsa, "Haba mudir, kai ma ka san hanyar nan da cunkoso." Baba bai ko kalle ni ba.

Washegari bayan azahar na miƙa wa Baba wayar ba tare da ya tambaya ba, na je na kwanta. Yanzu ni ma da safe ina bin katangar nan da ƙafa, ina haki kamar tsohon injin ban-ruwa. Amma tsoron bai tafi ba. Girar Baba ta hagu ba ta sake tsirowa ba, kuma duk sa'ad da ya sunkuyo ya taɓa ƙafata ya ce, "Tashi, ɗana, an kira," ita nake fara gani.