Gwangwanin Fenti a Ƙarƙashin Gado

Duk unguwar Bakalia, a birnin Chittagong na bakin teku, an san Mokhles Mia ba ya zubar da komai. Tsohuwar taya a hannunsa takalmi ce, robar ruwa indararo ce, mataccen injin wanki kuwa sai ya tashi fanka. Yara har tsokanarsa suke yi: "Kawu, ga ƙayar kifi, a haɗa mana rediyo!" Shi kuma ya karɓa ya yi ta jujjuyawa, sai ka ce da gaske.

Da wannan hannu ya ci da iyali, ya aurar da 'yarsa Shefali. Bai tara komai ba sai tarkace.

Ruwa ne ya gagare shi. Duk sanda teku ta cika, sai ta biyo kwata ta shigo ɗakuna. Aka ɗaga titi, ruwan ya gangaro musu. Aka sake ɗagawa, ɗakin hayarsu na ƙasan bene ya koma kamar rijiya. Masu hali suka kwashe kayansu. Shi ina zai nufa da matarsa Jobeda, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar?

Sai ya yi abin da ya iya. Ya cika gwangwanayen fenti da siminti, ya ɗora ƙafafun gadonta a kai. Damina ta zagayo da ruwan da ya fi na bara, ya ƙara wani jeri, ya ɗaure da waya. Haka gadon ya yi ta hawa, har ya cire fankar sama don kada ta sare ta, har ya ƙera tsani da ƙarfen tsohon keke don ya riƙa kai mata shinkafa.

"Baban Shefali," in ji ta, "ko ni na mutu, na san ba za ka yar ba. Kantar jera tukwane za ka yi da ni."

"Ke da ba kya riƙe magana, za ki riƙe tukunya?"

Suna dariya, amma tsoro na cin sa.

Bana, wata ranar Laraba da azahar, ruwan ya taɓa katifa. Mokhles ya kutso da sabon gwangwani a kafaɗa, ruwa har ƙirji, ya hau tsani ya gwada da tafin hannu. Daga goshinta zuwa rufin kankare, in ya ƙara wannan, ko ɗago kai ta sha ruwa ba za ta iya ba. Ya buga rufin da hannu. A sama mai gidan hayar ne da iyalinsa, ana ta suyar kifi.

"Bar shi haka," in ji Jobeda. "Ka kusa kai ni sama tun da raina."

"Akwai dabara. Bari in yi tunani."

"To yi."

Ya duba bango, ya duba tarkacensa da ke yawo a ruwa, ya sake duba bango. Babu. Tausayinta ya kama shi, ga kunya, don ta ga babun a fuskarsa. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama wuyan rigarsa.

Gwangwanin, da bai kai ga zuba masa siminti ba, ya suɓuce ya faɗa ruwa, ya bi ƙofa ya fice. Lafiyayyen gwangwani ne, har da murfinsa. Mokhles yana kallo, bai bi shi ba.