Ranar da Muka Kai Hajiya Ganin Kwaɗin Ummi

Woodbridge

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da mahaifiyata Hajiya, wadda ta zo mana nan Amurka daga Katsina. Tun da ta ji jikarta Ummi za ta zama Dokta take shelanta wa dangi an samu likita a gida. Jiya da yamma ta gano digirin na nazarin kwaɗi ne. Ta rantse yau za ta sa yarinyar ta ajiye wannan shiririta. Ni dai na san Ummi ba za ta iya musa mata ba.

Muka hau jirgin ƙasa. Da muka haye kogi Hajiya ta ce, "Kwaɗo, Sani! Da damina ko barci ba sa barin mu, amma sai an zo Amurka a karance su."

Washington

Daga tasha muka hau tasi zuwa ma'ajiyar matattun dabbobi inda Ummi ke bincike. A ƙofa masu gadi suka riƙe kilishin da Hajiya ta ƙullo mata, wai ba a shiga da abinci. Kilishi haramun, kwaɗo halal.

Ummi ta durƙusa ta gaishe ta, ta kai mu wani ɗaki mai sanyi cike da kwalabe. Ta ciro wani kwaɗo shimfiɗaɗɗe kamar mota ta taka shi. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce sunan zuriyarsu Pipa, daga Kudancin Amurka, kuma danginsu na kusa suna tafkunan Afirka. Ta nuna ƙananan idanu, da yatsun gaba masu kai kamar tauraro, ta buɗe bakin, babu harshe.

"Ya huta," in ji Hajiya. "To bayan nan, ƙazuwa ce?"

"A'a, Hajiya, mace ce. Namijin ke ɗora mata eggs, wato ƙwai, a baya, fata ta rufe su. A nan suke girma, har su fito."

Hajiya ta gyara tabarau. "Goyo? Ba zani, ba majanyi?" Ta ƙura wa ramukan da ke bayan kwaɗon ido, ita da ta goya mu tara. "Shi uban fa?"

"Yana gamawa ya tafi."

"Allah sarki, baiwar Allah. Ko'ina haka suke."

Ta zauna tana ta jero tambayoyi har azahar. Maganar ajiye karatu ba ta taso ba, ni kuwa ban tuna mata ba.

Komawa

Muka karɓi kilishinmu, Ummi ta ci rabi a bakin titi, muka kama hanya. Mun isa gida lafiya kafin magariba, na gode wa Allah. Ina cire takalmi na jiyo Hajiya a waya da ƙanwarta ta Katsina:

"Na je asibitin nasu da kaina, gani ya kori ji. Ɓangaren haihuwa take."