“Da Sauƙi” Ɗin Hamma Buba

Shekara sittin da biyar ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba, kuma har yau maganarsa ba ta bar ni na zauna lafiya ba.

Masinja ne a ofishin En'e a nan Bauchi, kullum yana bisa keke. Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai wata muguwar mura ta game gari, ta kwantar da gidanmu kaf. Kowa ya tashi, ban da shi. Zazzaɓin ya tafi, amma ko buta ya ɗauka sai ya zauna yana haki.

Aka kai shi asibiti. Likita Bature ya auna bai ga komai ba, ya sa tafinta ya tambaye shi yaya jiki. Hamma ya ce, “Da sauƙi.” To me zai ce? Mu ko ana kan gargara haka ake amsawa, balle Bafulatani mai kunyar a ji kukansa. Tafinta ya juya maganar yadda ya ji ta. Likita ya ce jiki lafiya lau, damuwa ce kawai. Kafin labarin ya iso gida ya zama lalaci, aiki kuma ya tafi.

Inna ta ce sammu ne, Baffa ya ce son jiki. Ni kuwa, da bakina da ba ya shiru, na raɗa masa Sarkin Kwanciya, har 'yan unguwa suka ɗauka. Wata safiya ya fito da kekensa ya ce zai je Inkil duba shanu. Ya je, ya dawo, bai ƙara tashi ba.

Yanzu ina jin likitoci a rediyo suna gardama kan waɗanda korona ta bari da kasala: wasu su ce cutar ce ta ɓata jiki, wasu su ce damuwar zuciya ce. Da Hamma yana nan, na san murmushi zai yi ya ce su bar wahalar da kansu. Ni ce nake tsawata wa rediyon. Ban san wanda ya fi gaskiya ba. Na dai san Hamma ba ƙarya yake yi ba, kuma ina jin kunyar sunan nan har gobe.

Abin da ya bar mini ɗaya ne. In na je dubiya aka ce mini da sauƙi, ba na tashi. Sai in gyara zama in sake tambaya.