Sulhu a Kan Falalen Dutse

Kakata Iya Ladi ba ta yin tatsuniya sai ta ɗora waken da za ta sayar wa ma'aikatan masana'antun Challawa da safe. Mu jikoki mukan kewaye murhu bayan isha'i, hayaƙi na sa mu hawaye, ita ko a jikinta. "Wanda ya yi gyangyaɗi shi zai wanke tukunya," da haka take farawa.

Akwai wadda ta fi maimaita mana. Wai ƙadangare ne ya turo ƙasa ya toshe wa kwaɗo rami. Dattawa suka ce kada a je gaban alƙali, ai maƙwabta ne, a sasanta a gida. Damo ya karɓi sulhun, ya sa zama da tsakar rana a kan falalen dutse. Ƙadangare ya baje yana ta zuba, yana gyaɗa kai. Kwaɗo kuwa fatarsa ta soma bushewa, kafin a zo kansa ya daka tsalle ya faɗa ruwa. Damo ya ce tunda kwaɗo ya tashi, ya yarda ke nan.

Na taɓa ce mata, "Iya, to ya daure mana." Ta zungure ni da muciya. "Ji ɗan nema, da wace fatar? Ba wanda ya hana shi magana. Wuri kawai aka zaɓa masa."

Lokacin dariya muke yi wa kwaɗo, har muna kwaikwayon tsallensa.

Da na girma na samu aiki a wani kamfanin jimar fata. Ruwan da kamfanin ke saki ya bi kwalbati ya ƙone lambun da Iya ta bar mana, wanda mahaifiyata ke ci da shi. Ni ne babba, ni zan yi magana. Aka ce ban da kotu, a zauna. Sai masu kamfanin suka sa zaman ranar aiki da hantsi, a ofishinsu na Bompai. Na roƙi a mayar Lahadi, aka ce manya ba su da lokaci. Na nemi izinin fita, shugaban sashenmu ya ce, "Malam Sabo, ƙofa a buɗe take, amma ba a dawowa ta cikinta."

Ga lambun uwata, ga abincin 'ya'yana. Wallahi ban taɓa jin ƙunci irin na ranar ba, kuma ban je ba.

Da yamma kawuna ya zo ya ce an gama, har an shafa fatiha, tunda ban zo ba an ɗauka mun yafe. Mahaifiyata tabarmarta kawai ta naɗe.

Washegari na koma bakin aiki. Aikina shi ne buɗe famfon da ke sakin ruwan nan, kuma na buɗe.