Halliru Mai Keke da Rugar Hamma

Duk wanda ya ci kasuwar Gwiwa bayan samun 'yancin kai ya san Halliru Na'Allah. Gyaran keke yake yi a gindin wata tsamiya. Mutum ne marar yawan magana, fuskarsa duk zanzana, don agana ta kama shi yana ɗan shekara bakwai, Allah ya yi da sauran kwanansa.

A bazarar 1968 cutar ta dawo. Dagaci ya tara jama'a, duba-gari Malam Sama'ilu ya ce masu lamba, wato masu rigakafin agana, suna tafe daga Kazaure, amma ana son wanda zai riga su shiga rugage, ya sanar, ya kuma gano inda cutar ta sauka. Aikin sa kai ne, don Allah. Kowa ya sunkuyar da kai.

Halliru ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ta riga ta gama da ni. Zan je."

Washegari da hantsi ya ɗaure gorar ruwa a keke ya nufi rugar wani Bafulatani mai suna Hamma, can wajen duwatsun Roni. Kasuwa biyu ke nan ba a ga matan rugar da ƙoren nono ba.

Tun daga nesa jikinsa ya ba shi. Babu hayaƙi, babu haushin kare. Tsofaffin shanu uku ne tsaye a rana, ba sa kiwo, sun zuba masa ido. Sai sautin daka, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Ya bi sautin ya tarar da Inno, mahaifiyar Hamma, tsaye a kan turmi. Ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya miƙe idonsa ya faɗa cikin turmin, babu ko ƙwayar gero.

"Sannu da aiki, Inno. Ina mutanen gida?"

Ba ta dube shi ba. "Masu ƙafa sun tashi. Sauran suna ƙasa." Ta sake sauke taɓarya. "Ka bi bayan dutsen can, akwai wadda ta rage. Kada ka je ba ruwa."

A bayan dutsen ya sami wata 'yar bukkar kara, irin wadda ake ware mai agana a ciki. Saude ce kwance, matar Hamma. Ƙurajen sun fara bushewa, amma leɓɓanta duk sun tsage. Ya tallafi kanta yana ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan, har muryarta ta dawo.

"Wa ya nuna maka nan?"

"Inno."

Saude ta ce, "Da mutanen gida suka tashi, Inno ta ƙi bin su saboda ni. Ita ke kawo min fura. Yau kwana uku ban ji motsinta ba."

Halliru ya koma rugar. Dakan ya tsaya. Turmin yana kwance a gefe, gara ta fara hawansa. Ya yi sallama sau uku a ƙofar bukkar tsohuwar, sannan ya leƙa. Tana nan kwance a tabarma, lulluɓe da zanen da ya gani a jikinta ɗazu, kuma ba yau ta cika ba.

 Ya zauna a ƙasa yana salati. Sannan ya hau keke ya kira mutane. Kafin la'asar an rufe Inno, an ɗauko Saude a amalanke zuwa bayan gari, inda yayar Halliru, Dela, wadda ita ma ta taɓa yin cutar, ta yi jinyarta har ta warke.

Malam Sama'ilu kaɗai Halliru ya ba labarin dakan. Shi kuwa ya ce, "Rana ce ta buge ka, Halliru."  Da gari ya waye Halliru ya sake ɗaure gora ya nufi wata rugar.

Wata tara ya yi yana gaban masu lamba, har ƙauyukan Babura na bakin iyaka. Da amai da gudawa suka ɓarke bayan shekara uku, shi ke shiga gidajen da ake gudu. Lokacin fari ma da shi aka yi rabon hatsi, bai kuma bar sana'arsa ba.

Ya rasu yana da shekara sittin da 'yan kai. Ranar jana'izarsa Fulani suka yi ta ɓullowa daga rugagen da ko iyalinsa ba su san ya taɓa takawa ba, har sahu ya fita bayan masallaci.