Na Ce Mu Jira Damina Ta Wuce

Na yi kamun kifi a tafkin Chadi ina saurayi, na jefa fatsa a Bahar Maliya lokacin da aiki ya kai ni Sudan. Don haka na ɗauka na san ruwa.

Ina zaune a Ardwick ta Manchester, aminina kuwa yana Lozells a Birmingham. Mutumin Filato ne, dattijon coci, bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Da ciwon huhu ya fara cin ƙarfinsa, sai ya kira ni a tsakiyar Agusta.

"Alhaji, kai da ka ishe mu da labarin kifi, kai ni teku in kama kifin titus da hannuna. Likita ya ce in riƙa shan iska."

Na buga wa wani mai jirgin kamun kifi a gaɓar Wales. Ya ce ruwa ya yi ɗumi, teku a kwance take, titus sun matso garke-garke, mu zo cikin makon nan. Na leƙa taga, na ga yayyafi. A wajenmu ba a fita babban su sai damina ta wuce, ruwa ya janye.

"Mutumina, bari ruwan sama ya ɗauke tukuna," na ce wa aminina a waya.

"Ruwan Manchester ne zai ɗauke? Alhaji, tsufa ya kama ka!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma ya yarda, tunda ni ne masani.

A Satumba na sa rana. Mai jirgin ya ɗaga, ya ce iska ta taso. Na sake sawa, ya sake ɗagawa. A karo na uku ya ce kifin ya koma can cikin zurfi, shi ma zai fitar da jirginsa tudu sai bayan sanyi. Ashe a tekun nan ƙarshen lokacin zafi shi ne kakar kifi, abin da ke biyo baya iska ce kawai.

Na kasa faɗa wa aminina ta waya, na shiga jirgin ƙasa na je. Na same shi a kujera, an sa masa robar numfashi a hanci. A gefensa akwai sabuwar malafa da ya saya domin tafiyar.

"Yaushe za mu?"

"Sai bazara."

Ya daɗe yana kallona. Bai tsokane ni ba, da ma ya tsokana.

"To, Allah ya kai mu," in ji shi. Ya turo mini malafar. "Riƙe wannan a wajenka."