Labbo da Albasar Surukinsa

Labbo na Unguwar Lalle bai yi suna a komai ba sai barci. In ya dawo daga gonar gero ya yi Isha'i, to sai asuba. Ko jaki ya yi kuka a kansa, jakin ne zai gaji.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, aiki ya ƙare. Labbo ya koma gindin tsamiya yana taya magidanta kallon gabas ko hadari zai taso. Da sauran hatsin bara a rumbunsa, don haka ba yunwa ce ta fara kama shi ba, barci ne ya gudu. Ya sha rubutu, ya sha jiƙo, a banza. Da yake ba marowaci ba ne, yakan ta da matarsa Kande su raba rashin barcin, ya tambaye ta ko ta ji kamar tsawa.

"Cikinka na, Malam," in ji ta. "In ka sake tashe ni, za ni Isa gidanmu, sai ruwa ya sauka in dawo."

A shekarun nan, wannan magana ba ta da maraba da ban kwana.

Ana haka, da rani, sai ga saƙo daga garin Isa: mahaifin Kande, Malam Yero, bayansa ya riƙe, ga lambun albasarsa a bakin gulbi ba mai ban ruwa. Kande ta tafi, Labbo na biye.

Gulbin ya ƙafe, sai rami da aka tona cikin yashi, da jigo a bakinsa: a ja guga ƙasa, a ɗago, a juye, a sake. Tsohon ya shimfiɗa buzunsa dab da ramin, don bai kamata a bar baƙo shi kaɗai ba. Shi kuwa Labbo ɗan mutunci ne, ba ya ci, ba ya sha, ba ya miƙe ƙafa a gaban suruki.

"Ka huta mana, ɗana."

"Ban gaji ba, Baba," in ji Labbo, kai a sunkuye, ya sake jan guga.

Kunya ta hana tsoho tashi, kunya ta hana Labbo zama. Furar da Kande ta kawo ta yini a rufe. Albasa ba ta taɓa shan ruwa irin na ranar ba.

Da magariba barci ya kwashe Labbo da lomar tuwo a hannu. Haka aka yi ta yi har aka cire albasa. Labbo ya yi nazari mai zurfi, ya gano sirrin: warin albasa ne.

Da suka koma gida ya tusa albasa ƙarƙashin matashi, ya koma gindin tsamiya. Ɗaki ya cika da wari, barci bai leƙo ba. Kande ta fara ɗaure ƙunshinta.

"Dakata," in ji shi. "Na ga inda kuskure yake. Sai albasar da mutum ya ba ruwa da hannunai, a ranar."

"Lalle Malam ya yi ilimi," in ji Kande.

Ya tona raminsa a fadama, ya kafa jigo. Kande ta kwance ƙunshi. Har ya tsufa, duk wanda ya kawo masa kukan rashin barci, albasa yake ba shi, tare da sharaɗinta, kuma ba a taɓa dawo masa da ƙara ba.

Ruwan da aka daɗe ana roƙo ya sauka wata rana bayan Isha'i. Gari ya fito, mata na guɗa, tsofaffi na hamdala, Kande ta jera duk wata ƙwarya da tukunya. Da asuba Labbo ya fito alwala, ya taka caɓi, ya tsaya.

"Kande, wa ya yi muna ɓarnar ruwa haka tsakar gida?"